Martani ga Mai Cewa a Raba Yaro da Gida Tun Yana Shekara Biyu

Kwanan baya na karanta maƙalar da wani Malam ya rubuta a kan abin da ya sa 'ya'yanmu suke shiga firamare a dabarbarce, su shekara uku a aji ba su iya haɗa baƙi ba. Malam ya ɗora laifin kacokan a kan gida. A ganinsa, uwar da ba ta yi boko ba ba ta da abin da za ta bai wa yaro wanda zai amfane shi a aji, kaka kuwa sai dai ta sangarta shi, ta cika masa kai da labarin Gizo da Ƙoƙi. Maganin da ya kawo shi ne da zarar an yaye yaro a ɗinka masa yunifom a miƙa shi nazare, iyayen da suka iya Turanci su daina yi masa Hausa, a kuma raba shi da wasan ƙasa da yaran unguwa. Ya yi rubutun da zafin mai kishin yara, ban kuwa yi shakkar niyyarsa ba. Sai dai shawarar tasa, in aka bi ta, ƙara wa ciwon zurfi za ta yi, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Ciwon dai gaskiya ne. A 2013 an gwada karatun yara a makarantun gwamnati na jihohin Bauchi da Sakkwato, aka tarar mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, harshen da akasarinsu suka buɗe baki da shi. Na kuma yarda da Malam cewa shekarun farko su ne tushe, abin da aka rasa a cikinsu da wuya a cike gurbinsa daga baya. Inda muka raba hanya shi ne a kan abin da ake nufi da yaro ya shirya, da kuma wanda yake shirya shi.

Da can, in za a ɗauki yaro aji ɗaya, sai hedimasta ya ce ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren. In hannu ya kai an ɗauke shi, in bai kai ba sai baɗi, ko a ajiye shi a rabin aji. Gwajin bai cika ba, amma masu yin sa sun fahimci cewa akwai abin da sai jiki ya ƙosa yake yiwuwa. A yau a tambayi duk malamar da ta daɗe tana riƙe aji ɗaya wane yaro ne yake yi mata sauƙin koyarwa. Da wuya ta fara da wanda ya haddace baƙaƙen Turanci. Za ta ce wanda ya san sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, wanda zai zauna ya saurari magana har a kai ƙarshenta, wanda za a ce masa ya ɗauko alli ya kuma rufe ƙofa ya riƙe duka biyun, wanda in fitsari ya matse shi zai faɗa kuma ya kai kansa, wanda zai jira layi ya zo kansa ba tare da ya kai wa ɗan'uwansa duka ba, wanda uwarsa za ta juya ta tafi bai wuni yana kuka ba. Za ta ƙara da yatsun da suka yi ƙwarin riƙe fensir, da bakin da ya cika da kalmomi, da zuciyar da ba ta tsoron tambaya. Malam ya duba jerin nan da kyau, ya gaya mana wanne ne a ciki ake buƙatar takardar shaidar sakandare kafin a koya wa yaro.

Sannan mu yi maganar nazaren da ake cewa a kai yaron, wadda take a unguwanninmu, ba wadda take cikin littafi ba. A wurare da yawa gidan haya ne aka yanka ɗakunansa da katako, babu fili, babu inuwa, babu yashi. Ana ɗauko yaro ɗan shekara biyu da rabi tun da sassafe, barci bai sake shi ba, a cusa shi cikin adaidaita sahu da wasu yaran, a zaunar da shi a benci har azahar. Antin da take riƙe da su sau da yawa yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran samun gurbin karatu, albashinta bai taka kara ya karya ba, ba a kuma taɓa koya mata yadda ƙaramin yaro yake koyo ba. Ba laifinta ba ne. Abin da ta sani shi ne ta faɗa su maimaita, wanda ya motsa ta nuna masa bulala. A dawo da yaro gida da aikin gida, uwa ta kama hannunsa ta rubuta, anti ta ba da maki, kowa ya san wanda ya yi. Ƙarshen zango a yi wa ɗan shekara uku jarrabawa, a rubuta a katinsa cewa ya zo na goma sha bakwai. Ƙarshen shekara a sa masa riga da hular kammala karatu irin ta jami'a, a karɓi kuɗin biki. Wannan firamare ce aka ƙanƙance aka ɗora wa wanda ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabuntawa, ta ce babbar hanyar koyarwa a wannan mataki wasa ne. A Finland, wadda ake yawan buga misali da makarantunta, yaro ba ya shiga aji ɗaya sai ya shekara 7, shekarar da take gabanin haka kuma akasarinta wasa ce da hira da waƙa.

Ba ina cewa kowace nazare haka take ba. Akwai masu kyau, akwai kuma uwar da take fita aiki ko kasuwa wadda dole ta sami inda za ta ajiye ɗanta cikin aminci, babu mai ganin laifinta. Abin da na ƙi shi ne a mai da yunifom shaidar shiri, a sa iyaye su ɗauka in sun biya kuɗin zango sun sauke nauyi.

Akwai abin da Malam bai ko ambata ba, alhali shi ne ya fi komai danne 'ya'yanmu. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Wato a yankinmu fiye da rabin yara ne. Tsumburewa ba a tsayi kaɗai take tsayawa ba, tana tafiya tare da jinkirin bunƙasar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan ɓarnar tana aukuwa ne tsakanin ɗaukar ciki da cikar yaro shekara biyu, daidai lokacin da Malam yake cewa a fara. Yaron da ya sha nono zalla wata shida, aka bi shi da kunun gyaɗa da wake da ƙwai da zogale, aka kammala masa rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, ya riga ya yi nisa a shirin makaranta tun bai san akwai ta ba. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar sau uku a damina ɗaya, jininsa ya ƙone, ko a nazaren da ta fi kowace tsada aka kai shi gyangyaɗi zai yi. Duk wannan aiki a gida ake yin sa, a hannun matar nan da aka ce ba ta da abin bayarwa, da kuɗin cefanen mijinta, da taimakon ungozoma da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi.

In kuma ana son hujjar bincike a kan ko uwa talaka marar zurfin karatu za ta iya, an daɗe da yin sa. A 1986 a Kingston, babban birnin Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, daga unguwannin talakawa. Aka kasa su. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan ma da tarkacen gida ake haɗa su, irin su robobi da ƙyallaye. Shekara biyu aka yi ana haka. Madarar ta taimaka da farko, daga baya tasirinta ya dusashe. Amma da aka nemo yaran bayan shekara 20, sai aka tarar waɗanda aka koya wa iyayensu wasa da su suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo tsaransu da ba su tsumbure ba. An buga sakamakon a mujallar Science a 2014, cikin marubutan har da James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki. Babu yunifom a cikin labarin nan, babu benci, babu wanda aka raba da uwarsa. Ita uwar aka ƙarfafa, ita kuma ta yi aikin.

Hatta binciken da masu goyon bayan nazare suka fi kafa hujja da shi, na makarantar Perry da aka fara a 1962 a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, ba irin abin da Malam yake kira gare shi ba ne. Yaran 'yan shekara uku da huɗu ne, awa biyu da rabi kawai suke yi da safe, malamai ƙwararru ne, kowace da yara kaɗan, kuma duk mako sai malama ta taka har gida ta zauna da uwa da yaro.

Yanzu mu dawo gidan Bahaushe, mu duba abin da Malam ya kira ɓata lokaci. Yarinyar da take carafke tana ƙirga duwatsu ne ɗaya-ɗaya, bibbiyu, uku-uku, ido da hannu suna aiki tare, kuma tana jiran ƙawarta ta faɗi kafin ta karɓa. 'Yar gala-gala da langa suna koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya da bin doka. Yaron da ya fere kara ya haɗa mota, ya auna ƙafafunta don kada ta karkace, yatsun da zai riƙe fensir da su yake horarwa. Mai tuwon ƙasa da 'yar tsana tana shirya labari ne, ta raba wa kowa matsayi, ta yi muryar uwa ta yi ta baƙuwa. Aiken da ake yi wa ɗan shekara biyar, a ce ya je gidan Inna ya gaishe ta, ya karɓo daddawa ta hamsin ya dawo da canji, ya ƙunshi riƙe saƙo da gaisuwa da sanin hanya da lissafi a tafiya ɗaya. Tatsuniya kuwa ita ce darasin fahimtar labari na farko. Yaro yana koyon cewa magana tana da farko da tsakiya da ƙarshe, yana hasashen abin da Gizo zai ƙulla, yana kama kalmomin da ba a yi a hirar yau da kullum, gobe kuma shi zai maimaita wa ƙanensa. Kacici-kacici da karin magana da salon magana mai karya harshe suna wasa kunne ya rarrabe sauti, abin da karatu yake tsayawa a kansa ke nan. Ba banza ba Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni ya mai da su littattafan makaranta.

Batun kaka ya fi komai taɓa ni a rubutun Malam, domin ya nuna bai lura da yadda gidanmu yake a tsare ba. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Uba kuma ana girmama shi ne daga nesa. To wane babba ne yaro yake da izinin ya ja shi da magana, ya mayar masa da amsa, ya yi masa tambaya goma a jere ba a ce ya yi rashin kunya ba? Kaka ce da kakansa. Ita take kiransa maigidana, ta ce ya kawo cefane, ya ce ba shi da kuɗi, ta ce to ta fasa auren, ya nemo amsar da zai kare kansa. Wasan jika da kaka makarantar iya magana ce da al'ada ta gina don ta cike gurbin da kunya ta bari. Wanda ya ce a janye yaro daga nan ya toshe ƙofar da ta fi kowace buɗewa a gidan.

Haka makarantar allo da Islamiyya, waɗanda Malam ya tsallake kamar babu su. Yaron da ya fara bin yayyensa yana ɗan shekara huɗu ya riga ya san zama a gaban malami, ya san tashi da lokaci, ya san cewa zanen da yake kan allo sauti ne ake furtawa, daga babbaƙu ya shiga farfaru. Wannan fahimta, cewa alama tana ɗauke da sauti, ita ce mabuɗin kowane irin karatu. Malamin aji ɗaya mai basira ɗorawa yake yi a kanta.

Sai maganar harshe, inda na ga shawarar Malam ta fi haɗari. Mai koyon karatu aiki ɗaya ne a gabansa, ya haɗa baƙin da yake gani da kalmar da ya riga ya sani. In kalmar baƙuwa ce aikin ya zama biyu, sai ya koma hadda, ya rera shafi guda bai san me ya ce ba. Rubutun Hausa na boko kuwa yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi, domin galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da ya iya karanta Hausa ya iya karatu ke nan har abada, in ya zo Turanci kalmomi zai koya, ba karatu ba. An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi. Yaran sun fi takwarorinsu da aka juya wa harshe a tsakiyar firamare, kuma ko a Turancin ba a bar su a baya ba. A Nijar an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna 'yan irin waɗannan makarantu sun fi na Faransanci zalla, musamman a azuzuwan farko. Na san a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022. A ganina an yanke wa manufar hukunci ne tun ba a ba ta littattafai da malamai ba. Amma ko da makaranta ta koma Turanci zalla, wannan ƙara wa gida nauyi ya yi, domin yanzu gida ne kaɗai ya rage inda yaro zai cika bakinsa da harshen da yake tunani da shi.

A kuma duba wane irin Turanci ake yi a gidajen da aka haramta Hausa. Uban da yake da rumbu guda na Hausa, Turancinsa kuwa cikin cokali, in ya rufe rumbun sai ya ciyar da ɗansa da cokalin. Hirarsu ta koma zo, zauna, bari, ci abinci. Babu labari, babu barkwanci, babu bayanin me ya sa hadari yake haɗuwa. Yaro ya tashi bai ƙoshi da ko ɗaya ba, ya je ƙauye ya kasa gaida kakarsa, a makaranta kuma a ci tarar ɗan'uwansa don ya yi banakula. Ina son 'ya'yanmu su iya Turanci, su iya shi sosai, domin da shi ake jarrabawa da neman aiki. Hanyar da ta fi kai su can ita ce su zo da harshe ɗaya cikakke.

Kada a ɗauka ina wanke gida ne tas. Akwai laifinmu, kuma ya kamata mu faɗa wa juna. Muna yawan kashe bakin yaro da cewa ya cika surutu, ko yaro ba ya sa baki in manya suna magana, har ya koyi cewa shiru shi ne ladabi, ya je aji ya kasa ɗaga hannu. Akwai mahaifan da suke fita tun asuba, in sun dawo majalisa ce ko teburin mai shayi har dare ya raba, ɗansu bai taɓa zama a cinyarsu ya ji labari ba. Maza mun fi kowa wannan laifi, mun sakar wa mata reno kamar ba da mu aka haifa ba, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama. Tatsuniyar da nake yabo ita ma tana mutuwa a gidaje da yawa, kuma waya ce ta kashe ta. Ana miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya don ya yi shiru, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Har kwallin da muke sa wa jarirai don ƙauna, wani nau'insa yana ɗauke da dalma, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta hanyar dakan ma'adinai a cikin gidaje, kuma ko kaɗan ɗinta yana rage basirar yaro. Ga talla da ake ɗora wa 'yar shekara biyar. Waɗannan duka gaskiya ne. Sai dai kowanne a cikinsu a cikin gidan ake gyara shi, da shiga wurin iyaye ana yi musu bayani cikin mutunci. Ɗauke yaro na awa shida a dawo da shi gidan da bai sauya ba, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Shiga gida kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da mata a ɗakunansu da harshen da suke ji. Ba ta ce matan karkara ba su da amfani ba, kai musu ilimin ta yi. A yau ma hanyar tana nan a buɗe. Duk damina masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi suna bi gida-gida wata-wata don yara 'yan wata 3 zuwa 59, matan da suka yi aikin wayar da kai a kan shan-inna kuma sun san kowane zaure a unguwarsu. Me zai hana a ƙara musu horo da alawus, su riƙa zama da uwa suna nuna mata abin da aka nuna wa matan Kingston? Ranar awo da ranar rigakafi mata suna cika benci suna jira, wannan ma aji ne da ba a amfani da shi.

In yaro ya kai shekara huɗu ko biyar, lokacin ne zama da tsara a ƙarƙashin malama yake da amfani sosai, kuma nan ma unguwa tana iya riƙe abinta. A Mombasa ta Kenya, shugabannin Musulmi sun damu da yadda 'ya'yansu suke baya a shiga firamare, sai a 1986 aka fara shirin makarantun share fage na madarasa tare da Gidauniyar Aga Khan. Unguwa ce take ba da ɗaki, ta kafa kwamiti, ta zaɓi 'ya'yanta mata a horar da su, a haɗa tarbiyyar addini da wasa da harshen Suwahili da shirin karatu da lissafi. Shirin ya ƙetara Zanzibar a 1990, ya shiga Uganda a 1993. Islamiyyunmu da yawa a rufe suke da safe. Mai unguwa da liman da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata sun isa su buɗe ɗaki ɗaya na awa uku, da tabarma da yashi da duwatsun ƙirga da littattafan hoto na Hausa irin waɗanda shirin Mu Karanta ya samar a Bauchi da Sakkwato. Mai unguwa ya san gidan da aka haihu, shi ya fi dacewa ya riƙe sunayen yaran da za su cika shekara shida, ya tabbatar kowanne yana da takardar haihuwa, ya kuma bi sawun wanda ba a gani a aji ba. 'Yan sakandaren unguwa su karanta wa ƙannensu labari da yamma. Liman ya ware huɗuba guda a kan haƙƙin ƙaramin yaro na a yi hira da shi.

Ina roƙon Malam ya yi tunanin wanda zai ji shawararsa. Mai hali zai ji, ya biya nazare mai kyau, ya sayi littattafai, ɗansa zai tsira ko da shawarar ko babu ita. Amma maganar za ta gangara har wurin matar da mijinta yake turin baro, wadda kuɗin zango ɗaya ya fi ƙarfin abin da suke samu a wata. Ita abin da za ta tsinta shi ne cewa Hausarta cikas ce, tatsuniyarta shirme ce, ita kanta ba ta da amfani ga karatun ɗanta. Sai ta yi shiru, ta daina ɗan abin da take yi, nazaren kuma ba ta samu ba. Irin waɗannan gidaje su ne mafi rinjaye a ƙasar Hausa, 'ya'yansu ne suka cika ajin da Malam yake kuka da shi.

Kuma akwai inda ya kamata zafin alƙalaminsa ya sauka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, kuma kula da ƙananan yara kafin firamare yana cikin abin da dokar ta ambata. Manufar ilimi ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage, kyauta, a makarantun gwamnati, ga ɗan shekara biyar. Jihohi da dama sun sha barin kasonsu yana kwance a Abuja saboda sun kasa ajiye nasu rabin. Malam ya ɗauki littafinsa ya zaga firamaren gwamnati goma a ƙaramar hukumarsu, ya ƙirga nawa ne suke da ajin share fage, yara nawa ne a kan malama ɗaya, akwai tabarma da ruwan sha da makewayi ko babu, sannan ya je hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ya tambayi nawa aka karɓo bara da inda aka kashe shi. In ya rubuta wannan, ni ne farkon wanda zai kai wa mai unguwarmu ya karanta a gaban kwamitin makaranta.